Yadda Gyarana Ya Shiga Manhajar da Ba Tawa Ba

Akwai wani ƙaramin laburare, wato tarin kod da wani ya rubuta don wasu su ɗora aikinsu a kai, na harshen rubuta manhaja mai suna Python, da nake dogaro da shi wajen karanta fayilolin CSV, irin fayilolin nan da ake jera bayanai layi-layi ana raba su da waƙafi. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya ganin kod ɗinta, ya sauke ya yi amfani da ita kyauta, in yana da gyara kuma ya kawo. Na daɗe ina cin moriyarta ban taɓa leƙa cikinta ba, har ranar da wani fayil ya ƙi karantuwa.

Saƙon da ya fito ya ce babu ginshiƙi mai suna id. Na buɗe fayil ɗin, ga id nan ɓaro-ɓaro a farkon layin farko. Na sa a buga mini sunayen ginshiƙan a allo, id ya fito a sahun gaba. Ido na gani, kwamfuta na cewa babu. Sai na bar kallon haruffa na koma kallon bayit, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiye rubutu da su, ɗaya-ɗaya da umarnin xxd, abin da ya bayyana a farkon fayil ɗin shi ne: ef bb bf 69 64. Biyun ƙarshe, 69 da 64, su ne i da d. Ukun farko kuwa baƙi ne da ba a gayyata ba, kuma ba sa fitowa a allo ko kaɗan. Laburaren ya haɗa su da sunan ginshiƙin, don haka sunan da ke hannunsa ba id ba ne, wani abu ne mai kama da shi.

Waɗannan bayit uku su ne alamar da ake kira BOM, wadda lambarta a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, ita ce U+FEFF. Asalin amfaninta yana ga UTF-16, ɗaya daga cikin hanyoyin ajiye haruffa a fayil, inda harafi ke cin bayit biyu ko fiye, dole a sanar da mai karatu wanne ne ke zuwa farko. UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ba shi da wannan damuwa, shi ya sa ƙa'idar Unicode ba ta wajabta sa alamar a cikinsa ba, ba ta ba da shawarar sa ta ba, amma kuma ba ta haramta ba. Excel yana sa ta idan ka adana fayil a matsayin CSV na UTF-8, domin ya gane tsarin rubutun in an sake buɗewa. Takardar RFC 4180 ta 2005, wadda ita ce abin da ya fi kusa da ƙa'idar CSV, ko ambaton alamar ba ta yi ba. Babu wanda za a kama da laifi a nan. Giɓi ne tsakanin ƙa'idoji biyu, kuma duk wanda ya rubuta abin karanta CSV sai ya yanke wa kansa yadda zai cike shi.

A ranar dai na toshe ramin a cikin nawa kod ɗin, na ƙarasa aikin da ke gabana. Amma abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda aka turo wa fayil daga Excel zai faɗa wannan ramin, kuma ba kowa zai yi tunanin duba bayit ba.

Abin da na fara yi shi ne bincike a cikin rahotannin matsala na laburaren a GitHub, shafin intanet da kod ɗinsa yake ajiye. Ashe wani ya riga ni. Rahoton ya daɗe a buɗe, mutane da dama sun biyo baya suna cewa su ma haka ta same su, wasu har da ɗan zafi, suna tambayar sai yaushe. A can tsakiya mai kula da laburaren ya rubuta cewa ya yarda matsala ce, kuma zai yi maraba da gyara muddin ya zo da gwaji. Daga nan babu wanda ya ƙara motsi. Kowa na jiran wani. Na rubuta a ƙarƙashin rahoton cewa ina so in gwada, na bayyana dalilin matsalar da bayit ukun nan, na tambaya ko akwai wanda ya riga ya fara don kada mu yi aiki biyu. Mai kulan ya amsa a taƙaice: babu kowa, in ci gaba, amma in bar gyaran ƙarami.

Kafin in taɓa komai na karanta fayil ɗin CONTRIBUTING, wanda a ciki masu kula suke rubuta yadda suke so a kawo musu aiki. Nasu bai yi tsawo ba: kowane gyara da gwajinsa, kada a cakuɗa batutuwa biyu a wuri ɗaya, a ƙara layi a fayil ɗin tarihin canje-canje, a sa hannu a kowane kwamit, wato ƙunshin canjin da ake ajiyewa tare da bayaninsa. Abin da ya fi wannan amfanar da ni shi ne karanta tsofaffin buƙatun haɗewa, wato roƙon a shigar da gyaran mutum cikin manhajar, waɗanda aka karɓa da waɗanda aka rufe ba a karɓa ba. A nan ne mutum ke gane halin gida. Na lura mai kulan ba ya son ƙarin zaɓuɓɓuka, ba ya son a jawo wani laburaren daga waje don ƙaramin abu, kuma kusan duk tambayar da yake yi wa masu kawo gyara guda ce: wa wannan zai karya wa aiki? Ina ganin sa'ar da mutum ya ɓatar yana wannan karatun ta fi duk wata sa'a da zai ɓatar daga baya riba.

Sauran shiri na hannu ne. Na danna maɓallin da ke ba ni kwafin rumbun, wato ma'ajiyar kod ɗin, a ƙarƙashin sunana, na sauke shi kwamfutata da git clone, na ɗaura shi da rumbun asali domin in riƙa jawo sababbin canje-canjensu, na buɗe sabon reshe, wato layin aiki na daban da ba ya taɓa na asali, na sa masa suna mai nuna abin da zai ɗauka. Wannan 'yancin na yin kwafi cikakke da duk tarihinsa, ka yi ta gwaje-gwajenka ba tare da neman izinin kowa ba, daga Git ya zo, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 lokacin da masu aikin Linux suka rasa damar amfani kyauta da BitKeeper, manhajar da suke wannan aikin da ita a da. GitHub, da ya buɗe a 2008, shi ya mai da neman a karɓi gyara abin da ake yi a shafin intanet da danna maɓalli. Har yau masu aikin ƙwayar Linux ta imel suke aika gyararrakinsu, ana bita layi-layi a cikin amsa. Hanyar ta bambanta, abin da ake nema ɗaya ne.

Na girka abubuwan da laburaren ke buƙata a keɓantaccen muhalli, sannan na gudanar da dukkan gwaje-gwajensa tun ban canza ko harafi ɗaya ba. Duk suka wuce. Wannan matakin yana da muhimmanci, domin in wani gwaji ya faɗi daga baya, na san daga hannuna ne, ba gado na tarar ba.

Daga nan na rubuta gwajin da zai faɗi. Ƙaramin fayil mai alamar a gaba, layi biyu kacal, sai tambaya guda: shin sunan ginshiƙin farko id ne? Na gudanar, ya faɗi, ya nuna mini sunan da ya samu da \ufeff manne a gabansa. Na ji daɗin ganin jan rubutun nan, don yanzu matsalar ta tashi daga labarin da nake bayarwa ta zama abin da kowa zai iya gani a kwamfutarsa.

Gyaran da ya fara zuwa mini a rai na kalma ɗaya ne. Python yana da tsarin karatu mai suna utf-8-sig tun siga ta 2.5, wanda ke cire alamar da kansa in ya gan ta a farkon fayil. Sai kawai a canza utf-8 zuwa utf-8-sig a inda laburaren ya ajiye tsarinsa na asali, shi ke nan. Amma da na bi sawun inda ake amfani da wannan ƙimar, sai na ga ba karatu kaɗai take yi wa aiki ba, har da rubutu. Shi kuwa utf-8-sig in aka ba shi rubutu, sa alamar yake yi a farkon duk fayil ɗin da ya fitar. Ke nan da na bi ta nan, na warkar da masu karanta fayilolin Excel, na kuma cusa wa duk sauran masu amfani da laburaren bayit uku a cikin fayilolinsu ba su sani ba. Ga kuma wani abu: laburaren yana karɓar fayil ɗin da mutum ya riga ya buɗe da kansa, a nan kuwa ba mu ne muke zaɓar tsarin karatu ba. Saboda haka na zaɓi wata hanya. Bayan an fasa layin farko zuwa sunaye, sai a duba sunan farko, in yana da alamar a gaba a cire ta. A farkon fayil kawai, domin in alamar ta bayyana a tsakiyar bayanai, dukiyar mai fayil ce, ba hurumin laburare ba ne ya taɓa ta. Gwajina ya wuce, tsofaffin ma duk suka wuce.

Kafin in ɗaure kwamit na duba git diff da kyau. Manhajar da nake rubutu da ita tana da ɗabi'ar gyara tazara da jera layuka da kanta duk lokacin da aka adana fayil, kuma ta taɓa wurare da dama da ba ruwansu da aikina. Na mayar da su yadda na same su. Wasu za su ce ai gyaran tazarar ma alheri ne. Ni ban gan shi haka ba. Mai bita zai buɗe ya ga layuka hamsin sun canza, dole ya karanta kowanne don ya tabbatar babu abin da ya ɓuya a ciki, alhali gyaran gaskiya bai wuce layuka kaɗan ba. Kuma duk wanda ya zo nan gaba yana neman wanda ya rubuta wani layi da dalilinsa, sunana zai gani a kan abin da ban san komai a kai ba.

Saƙon kwamit ya ɗauke ni lokaci fiye da kod ɗin. Al'adar masu Git ita ce layin farko ya zama gajere, kamar haruffa 50, a bar layi ɗaya fanko, sannan bayani ya biyo a layukan da ba su wuce haruffa 72 ba. Abin da aka canza yana nan a cikin kod, kowa zai gani. Abin da kod ba zai faɗa ba shi ne dalili, shi na rubuta: daga ina alamar take zuwa, me take jawowa, me ya sa ban bi ta utf-8-sig ba. Na ambaci lambar rahoton domin su ɗauru da juna.

Sai batun sa hannu. Da git commit -s ake yi, ya ƙara layin Signed-off-by da sunanka da imel ɗinka a ƙarshen saƙon. Ba ado ba ne. Shaida ce da masu Linux suka shigo da ita a 2004, lokacin da kamfanin SCO ke iƙirarin an saka kod ɗinsa a cikin Linux, kuma ma'anarta ita ce kana tabbatar da cewa kai ka rubuta abin, ko kana da haƙƙin miƙa shi a ƙarƙashin lasisin manhajar. Wasu manyan ayyuka sun fi haka tsauri, sai ka sa hannu a wata yarjejeniya daban kafin su duba gyaranka. Wannan laburaren lasisin MIT yake bi, mai sauƙi, amma duk da haka na tsaya na yi tunani, domin a wajen aiki na gamu da matsalar, kuma yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata a wurare da yawa tana cewa abin da ka rubuta a bakin aiki na mai aikin ne. Na tambayi wanda nake ƙarƙashinsa, ya ba ni izini a rubuce, sannan na sa hannu. Ina ba duk wanda ke aiki a ƙarƙashin wani shawarar ya yi wannan tambayar tun da wuri.

Na tura reshen zuwa kwafina, na buɗe buƙatar haɗewa. A cikin bayaninta na sa yadda za a sake haifar da matsalar cikin layuka uku, abin da ake samu kafin gyara da bayan gyara, da hanyar da na bari da dalilin barinta.

Ina dannawa injinan gwaji suka tashi da kansu, suna gudanar da komai a kan Linux da macOS da Windows, da sigogin Python daban-daban. Biyun farko suka yi kore, Windows ya yi ja. Ba gyaran ne ya faɗi ba, gwajin ne. Na yi amfani da fayil na wucin gadi wanda nake riƙe da shi a buɗe yayin da laburaren ke ƙoƙarin sake buɗe shi. Linux ba ya damuwa da haka, Windows kuwa ba ya yarda a sake buɗe irin wannan fayil ɗin kafin a rufe shi. Na sake rubuta gwajin ya rubuta fayil ɗin ya rufe tukuna, na tura, duk suka yi kore. Ba ni da kwamfuta mai Windows a kusa, don haka ba domin waɗannan injinan ba, da sai wani bawan Allah ya ci karo da abin a nasa lokacin.

Daga nan sai shiru.

Wannan ne ɓangaren da babu wanda ke shirya maka shi. Ka gama, komai kore, kana leƙawa safe da yamma, babu amsa. Zuciya takan fara raya maka cewa an raina aikinka. Abin da ya taimake ni shi ne duba jerin abin da ke gaban mai kulan: rahotanni da buƙatu sun yi layi, kuma daga lokutan da yake amsawa a bayyane yake cewa da dare da ƙarshen mako yake wannan aikin, bayan ya gama wanda ake biyansa. Babu kwabon da yake samu daga gare ni ko daga dubban da ke sauke laburaren. Bayan makonni na rubuta layi ɗaya cikin ladabi, na ce gyaran yana nan a shirye duk lokacin da ya samu sarari, in akwai abin da zai sauƙaƙa masa bita ya faɗa mini. Ban ƙara ba.

Da bitar ta zo, ta zo da nauyinta. Ya fara da godiya, sannan ya yi tambaya guda: me zai faru in sunan ginshiƙin farko yana cikin alamar zance? Manhajoji da yawa haka suke fitar da CSV, su rubuta "id" maimakon id. Na gwada. Abin da ya fito shi ne "id" da alamomin zancen a jikinsa. Dalilin kuwa, mai fasa layin CSV yana ɗaukar alamar zance a matsayin mabuɗi ne kawai in ita ce abu na farko a gurbin. Tunda BOM ta riga ta tsaya a gaba, sai ya ɗauki alamomin zancen a matsayin ɓangaren sunan. In kuma akwai waƙafi a cikin sunan, sai ya tsaga shi gida biyu, ginshiƙai su goce gaba ɗaya. Cire alamar bayan an fasa layi ya makara. Dole a cire ta daga ɗanyen layin farko tun kafin ya isa ga mai fasawa. Na sake gina gyaran a kan haka, ta hanyar da ba ta buƙatar komawa baya a cikin fayil, domin bayanan da ke kwararowa ta bututu daga wata manhajar ba a iya mayar da su baya. Na ƙara gwaji na suna mai alamar zance, da na suna mai waƙafi a ciki, da na fayil ɗin da babu komai a cikinsa sai alamar ita kaɗai.

Wannan tambayar tasa ita ce ta sa na daina kallon bita a matsayin shingen da ake tsallakewa. Shi ya shekara yana ganin irin fayilolin da mutane ke jefo wa laburaren, ni kuwa nawa kaɗai na sani.

Buƙatarsa ta biyu ita ce in cire fayil ɗin misali da na ƙara a babban fayil na gwaje-gwaje, in sa gwajin ya ƙirƙiri bayit ɗin da kansa a cikin kod. Hujjarsa ta farko mai sauƙi ce: alamar ba ta ganuwa, wata rana wani zai buɗe fayil ɗin ya adana, manhajarsa ta share ta, gwajin ya ci gaba da wucewa alhali ba ya gwada komai. Ta biyu kuwa ita ce ba ya son karɓar abin da ba zai iya karantawa da idonsa ba a wajen bita. Ban ga laifinsa ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya da aka dasa a cikin xz, wata manhajar matse fayiloli, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya yi kimanin shekara biyu yana kawo gyararraki na gari har aka amince masa, kuma a cikin fayilolin gwaji ya ɓoye mugun kod ɗin. Ko ba da mugun nufi ba ma abu na iya wucewa. Ramin Heartbleed da aka gano a OpenSSL, laburaren da ke tsare sirrin saƙonni a intanet, a 2014 daga gyaran wani mai ba da gudummawa ya samo asali, an yi masa bita an karɓa, amma an bar duba tsawon wani saƙo, kuma ya yi kusan shekara biyu a cikin sigogin da duniya ke amfani da su. Mai kula da manhaja bai san ni ba, bai taɓa ganina ba. Abin da ke gabansa kaɗai zai duba, don haka aikina ne in sa komai ya zama a fili.

Akwai inda ban bi abin da aka ce ba. Wata mai ba da gudummawa, wadda ta daɗe a aikin, ta kawo shawarar a ƙara zaɓi da mutum zai kunna ko ya kashe cire alamar. Na fahimci damuwarta, amma na rubuta cewa ban ga wanda zai so sunan ginshiƙinsa ya zo da harafin da ba ya gani ba, kuma duk zaɓin da aka ƙara sai an rubuta masa bayani, an gwada shi ta fuska biyu, an ci gaba da ɗaukarsa shekara da shekaru. Ta dawo da hujjar da ban yi tunaninta ba: tunda rahoton ya daɗe a buɗe, tabbas akwai waɗanda suka gaji da jira suka rubuta kod ɗinsu yana neman sunan da alamar manne a gabansa, kuma ranar da gyarana ya fita aikinsu zai tsaya. Gaskiya ta faɗa. A cikin rahoton ma akwai wanda ya ba wasu wannan dabarar. Mai kulan ne ya raba gardamar. Ba za a ƙara zaɓi ba, amma gyaran ba zai fita a matsayin ƙaramin faci ba. A tsarin lambar siga mai gida uku, na ƙarshe na gyaran da ba ya canza wa kowa komai ne, don haka wannan zai jira a ɗaga na tsakiya, kuma a rubuta gargaɗi a sarari a tarihin canje-canje. Ni na rubuta gargaɗin, ita ta gyara mini lafazinsa.

Duk wannan kai-komon ya ɗauki lokaci, kuma rumbun asali bai tsaya jirana ba. Wani gyaran ya shiga ya taɓa aikin da nake ciki, GitHub ya nuna reshena ya yi karo da nasu. Na jawo sababbin canje-canjen, na yi git rebase domin in ɗora aikina a kan sabon tushe. Git ya tsaya a inda ya kasa yanke hukunci, ya nuna mini layukansu a sama, nawa a ƙasa, tsakanin alamomin nan na kibiyoyi. Na karanta abin da ɗayan yake ƙoƙarin yi kafin in taɓa, domin warware karo ba zaɓar naka ka watsar da na wani ba ne, sai ka tabbatar niyyar kowa ta tsira. Na haɗa ƙananan kwamit ɗin da suka taru lokacin bita suka zama guda mai tsabta, na sabunta saƙonsa ya dace da hanyar da muka ƙare a kai, na sake gudanar da gwaje-gwaje. Tunda tarihin reshen ya canza, turawa ta yau da kullum ba za ta shiga ba, sai da ƙarfi. Na yi amfani da --force-with-lease, wanda ke ƙin turawa in wani ya ƙara abu a reshen ban gani ba. Masu kula sukan iya taɓa reshen mai kawo gyara, kuma ban so in shafe wa kowa aiki.

Washegari na tarar da saƙo: an haɗe. Rahoton nan da ya daɗe a buɗe ya rufe da kansa saboda lambarsa da ke cikin bayanin. Mai kulan ya rubuta godiya ta layi ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Gyaran gaba ɗaya bai kai layi ashirin ba, gwaje-gwajen sun fi shi tsawo, tattaunawar kuma ta fi su duka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne daga wannan ranar nauyin layukan nan ya tashi daga kaina ya koma kansa. Ni ina iya tafiya in manta, shi ne za a tasa a gaba in sun kawo matsala bayan shekara uku. Da na fahimci haka sai duk tambayoyinsa suka zama masu ma'ana a wurina, har da waɗanda na ga kamar sun yi yawa a lokacin.

Sabuwar sigar ba ta fita nan take ba, sai da wasu gyararrakin suka taru. Da ta fita na ɗaga lambar siga a wajen aikina, na goge toshiyar da na yi tun farko, na gudanar da komai a kan tsofaffin fayilolin, suka karantu.

Ban cire kaina daga sanarwar rumbun ba. Ba a daɗe ba wani ya kawo rahoto cewa fayil ɗinsa har yanzu ba ya karantuwa, mai kulan ya ambaci sunana ya tambaya ko zan duba. Fayil ɗin UTF-16 ne, alamarsa bayit biyu ce, ff fe, kuma matsalarsa daban ce: ba cire alama yake buƙata ba, sai an gaya wa laburaren tsarin rubutun tun wajen buɗewa. Na bayyana wa mai rahoton yadda zai yi, ya gwada ya ce ya yi aiki. Mun tattauna ko laburaren ya riƙa gano tsarin da kansa, muka tsaya a kan cewa hakan zai buɗe ƙofar zato da yawa, gara a rubuta shi a fili a littafin jagora. Sashen yana hannuna yanzu, a wani sabon reshe, na rubuta misalin UTF-8 da na UTF-16, saura na fayil ɗin da mutum ya buɗe da kansa.